Kunnen ɗan rago: tsiron da ke rufe ƙasa a lambu mai ƙarancin ruwa

Wane irin tsiro ne?

Asalinsa daga Turkiyya, Armeniya da Iran ne, masana kuma suna kiransa Stachys byzantina. Masu lambu a Turai da Amurka suna ce masa kunnen ɗan rago saboda laushin ganyensa. Dangin na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya. Ba ya tashi sama, yaɗo yake yi yana rufe ƙasa, kuma idan ka dasa shi sau ɗaya zai yi shekaru.

Me ya sa yake jure fari?

Ka duba ganyen da kyau, za ka ga farin gashi ya lulluɓe shi gaba da baya, shi ya sa yake kama da azurfa. Wannan gashin yana mayar da hasken rana, yana kuma hana iska ɗebe danshin ganyen da sauri. Da zarar saiwarsa ta kama, ba ya buƙatar ban ruwa sai ƙasa ta bushe.

To zai yi a ƙasarmu?

A nan ne sai ka yi hattara. Gashin da ke cetonsa a rani shi ne ke jawo masa matsala da damina, domin yana riƙe ruwa, ganyen ƙasa-ƙasa su yi baƙi su ruɓe. Ruwan Agusta a ƙasa mai laka zai iya gamawa da shi. Saboda haka ka tada kunya, ka haɗa ƙasar da yashi, ko ka sa shi a tukunya mai huji a gindi wadda za ka iya janyewa ƙarƙashin rumfa. Zafin Maris da Afrilu ma yana ƙona shi, gara ya sami ranar safe da inuwar yamma. Ruwa kuwa a gindi za ka zuba, da safe, kada ka yayyafa a kan ganye. Taki kaɗan ya ishe shi.

Nawa zai ci maka?

Kuɗin tushen farko ne kawai. Ka bar tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin shuke-shuken, za su haɗe da kansu. Bayan shekara 3 ko 4 tsakiyar tushen yakan mutu, sai ka tone shi, ka rarraba gefen da ke da saiwa, ka sake dasawa. Idan kana da zaɓi, nemi irin da ake kira Big Ears, ya fi sauran jure danshi.