Damin Amo Mai Ƙari a Ilimin Kiɗa da Matsalar Sunayensa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Garin Suleja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 da sunan Abuja, ya gaji kiɗan fadar Haɓen Zazzau. A cikinsa kuma ake jin fiyano da jita a majami'u da wuraren biki. Kakaki na fitar da amo biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma tsakaninsu akwai tazarar da masana ke kira ta biyar. Mai fiyano kuwa yakan danna amo huɗu ko biyar a lokaci guda. Hausa na da kalmomi masu yawa na nau'in farko, kamar yadda ƙamusun Ames da King na 1971 ya nuna, amma na biyun aro ake yi daga Turanci. Wannan maƙala za ta yi bayanin wani ɓangare na nau'i na biyun, tare da ba da shawarar sunaye. An zaɓi "amo" maimakon "sauti" don kada a ci karo da ma'anar da masana harshe suka riga suka ba sauti.

2.0 Yadda Ake Ɗaura Dami

Tsanin kiɗan Turai yana da matakai bakwai: C, D, E, F, G, A, B, na takwas kuma C ne a sama. Idan aka kaɗa amo uku ko fiye tare, an sami abin da za a kira "dami". Ƙa'idar ɗaura shi, wadda Rameau ya yi bayaninta a Faransa a 1722, ita ce a ɗauki mataki guda a tsallake guda. Mataki na 1 da na 3 da na 5, wato C, E, G, su ne tushen dami, kuma kunne na jin su a daidaice domin karkarwarsu na tafiya kusan bisa lissafin 4:5:6.

Idan aka ci gaba da tsallaken sai a kai na 7, wato B. Daga nan tsani ya ƙare, sai a shiga hawa na biyu: D ya zama na 9, F na 11, A na 13. Waɗannan ukun su ne ƙari. Ba a zuwa na 15, domin C ne aka komo. Dalilin da ya sa ba a ce na 2 da na 4 da na 6 ba shi ne, lambar tana sanar da makaɗi cewa na 7 na nan a ƙarƙashi. In babu shi, to an ɗora amo ne kawai a kan tushe, kuma sunansa daban ne a rubuce.

Na 11 shi ne mai rigima. Tsakanin E da F rabin taki ne, saboda haka ko da an ɗaga F zuwa hawa na biyu, kunne na jin su suna gugar juna. Makaɗan jaz na Amurka sukan ƙara wa F ɗin rabin taki, ko kuwa a jefar da E, amma jefar da E na raba damin da kamanninsa. A aikace ma ba a cika kaɗa amo bakwai ɗin duka ba. Na 5 ake fara sallama, na 1 kuma a bar wa mai jitar ƙasa.

3.0 Batun Suna

Inda fassara ke tuntuɓe shi ne kalmar da Bature ke nufin "babba" da ita. A C, E, G, girman na mataki na 3 ne. Amma a rubutun Cmaj9 girman na mataki na 7 ne, wato B mai nisan rabin taki 11 daga C. Idan aka rubuta C9 zalla, B ɗin an sauke shi zuwa 10, sai damin ya zama mai neman wucewa zuwa wani, alhali na farkon a zaune yake. Duk wanda ya fassara su biyun da "babban dami na tara" ya haɗe abubuwa biyu da kunne ke rarrabewa. Aron kalmar ma bai fid da kai ba, tunda "manjo" ya riga ya zama muƙamin soja a bakin Bahaushe.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar siffar ta bi abin da take siffantawa, yadda nahawun Hausa ya tanada: "damin tara mai babban bakwai" ga Cmaj9, "damin tara mai ƙaramin bakwai" ga C9, "dami mai ɗorin tara" ga wanda ba shi da na 7. Sunayen sun yi tsawo, amma ɗalibin da ya ji su zai iya ɗora yatsunsa a kan fiyano ba tare da ya koma ga Turanci ba. Littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya fi mai da hankali ga harshe da adabi, kuma irin zaman da ya haifar da shi ne ya kamata ya tantance waɗannan, da makaɗa a cikin mahalarta.