A BAR MAKAMI A GIDA KAFIN A TAFI OFISHIN GWAMNATI

Jama'a, ana jawo hankalinku ga wani al'amari da yake jawo wa mutanen kirki jinkiri da ɓacin rai a ƙofofin ma'aikatu. Sau da yawa mutum yakan taho karɓar fansho ko takardar fili, a tsayar da shi saboda wuƙa a aljihu ko a damtse.

Hukuma ta sani wuƙa kayan sana'a ce. Mahauci ba ya rabuwa da ita, wanzami yana da askarsa, manomi da addarsa, makiyayi da sandarsa. Amma ma'aikacin ƙofa ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar kowa, don haka doka ɗaya ake yi wa kowa. Bugu da ƙari, ofis wuri ne na cunkoso da dogon layi. Gardamar da za ta ƙare da cacar baki tana iya zama zubar da jini idan akwai ƙarfe a kusa.

Mutanen Jos sun san tsadar zaman lafiya. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da bama-baman da suka tashi a kasuwar Terminus ran 20 ga Mayu 2014, sun ci rayuka masu yawa. Wanda ya tuna da waɗannan ba zai ɗauki bincike a ƙofar Sakatariyar Tarayya, ko Sakatariyar Joseph Gomwalk, ko kotu, a matsayin wulaƙanci ba.

Doka kuma ta yi magana. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasin ba. Dokar Kiyaye Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ta haramta zuwa taron jama'a da makami.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kafin ka fito, duba aljihunka da jakarka da motarka.
2. Idan daga wurin sana'a kake, ba wani amintacce ajiyar kayan aikinka.
3. Idan ka manta ka taho da wuƙa, faɗa wa ma'aikacin ƙofa da bakinka tun kafin ya bincike ka.
4. Kada ka karɓi ƙunshin wanda ba ka sani ba don ka shigar masa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani.