Me Ya Sa Hilux Ke Ƙara Shan Mai Bayan An Yi Mata Gyara?

Wanda ya sa wa Hilux manyan tayoyi don ratsa yashi ko laka, a gidan mai zai gane tsadarsu. Sai inji ya yi da gaske kafin ya juya taya mai nauyi, kaushinta kuma yana riƙe ƙasa. Ɗaga motar sama da kafa ƙarfen ɗora kaya a rufi kan sa ta riƙa kokawa da iska, musamman in an taka wuta a kwalta. A daji, inda ake lallaɓawa, ba a cika jin haka ba.

Lissafin direba ma kan ruɗe: babbar taya na sa mita ta ƙirga ƙasa da nisan da aka ci, sai shan man ya zama kamar ya wuce yadda yake.