MOTAR DA INSHORA TA SALLAMA: A LURA KAFIN A SAYA

Akwai wani ciniki da ya ke jan hankalin samari masu albashi, a ƙasar Amurka da kuma nan gida, wanda mu ke so mu yi wa masu karatu bayaninsa. Mutum ya ga hoton wata 'yar mota mai ƙofa biyu, ja wur, tana ƙyalli, irin waɗanda a ke ƙerawa musamman don gudu, kamar Ford Mustang, ko Chevrolet Corvette, ko Porsche 911. Ya tambayi kuɗinta, a gaya masa abin da bai kama ƙafar na 'yan'uwanta ba. In ya nemi dalili sai a ce, “Ai ɗan ƙwarzane ne ta samu, an kuwa gyara.” Amma a jikin takardarta ta Amurka akwai wata kalma da hukuma ta buga, wadda su ke kira salbej. Wannan kalma ita ce ta karya kuɗin motar, wanda kuwa bai san ma'anarta ba bai san abin da ya ke saya ba.

Ma'anar Tambarin

A Amurka kowace mota tana da takardar mallaka, wadda Gwamnatin jiha ke bayarwa. In mota ta yi haɗari, kamfanin inshora ya kan aiko da ma'aikacinsa ya ƙiyasta abin da gyaranta zai ci, sa'an nan ya gwada shi da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa kafin haɗarin. In gyaran ya haura wani ƙa'idajjen kashi, sai kamfanin ya biya mai motar kuɗinta, ya karɓe ta, hukuma kuma ta buga wa takardarta tambarin salbej, watau motar da aka lissafta cikin asara. Ƙa'idar ba ɗaya ba ce ko'ina. A jihar Niyu Yok kashi 75 ne cikin 100, a Fulorida kashi 80, a Teksas kuwa sai gyaran ya kai kuɗin motar dungum.

To, a nan ne ya kamata a natsu. Tambarin nan hukuncin akawu ne, wanda ya gwada jimla biyu ya ga wadda ta rinjaya. Bai faɗi abin da ya sami motar ba, bai kuma faɗi wanda ya gyara ta ba.

Ga misali, bisa ƙa'idar kashi 75. A ɗauka tsohuwar Mazda MX-5 ce, kuɗinta dala 8,000. Ta bugi wata mota a hankali, fitilu suka fashe, bonet ya lotse, jakunkunan iska biyu masu tare direba da fasinja suka tashi. In gyaran ya wuce dala 6,000 an sallama ta ke nan, alhali kuwa watakila ko kusa bugun bai kai ga shasinta ba. A ɗauka kuma Porsche ce mai dala 80,000. Ita bisa wannan ƙa'ida sai ɓarnar ta kai wajen dala 60,000. Watau galibi, gwargwadon tsadar mota gwargwadon munin abin da tambarin ke nufi. Har wa yau, in Porsche ɗin nan ta yi ɓarnar dala 40,000 aka gyara, tana iya fita da takarda fes. Sabo da haka takarda marar tambari ma ba shaida ba ce cewa mota ba ta taɓa haɗari ba.

Hanyar Da Ta Ke Bi

Kamfanonin inshora ba su ajiye motocin da suka karɓa. Su kan kai su gwanjo, manyan masu wannan gwanjo kuwa su ne Copart, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1982, da IAA. A can a kan ɗauki hotunan kowace mota yadda ta ke da raunukanta, a sa a intanet, masu saye daga ƙasashe da yawa su yi ta taya ta.

Mota mai tambarin salbej ba ta da iznin hawa titi a Amurka sai an gyara ta, an kai ta hukuma ta duba, an canja mata takarda zuwa ta gyararriya. Tabon kuwa yana nan a takardar har iyakar ran motar, shi ya sa masu kimanta kuɗin motoci ke rage mata kashi 20 zuwa 40 cikin 100. Kada kuma kalmar “hukuma ta duba” ta ruɗi kowa. A jihohi da dama, har da Niyu Yok, babban abin da a ke bincikawa shi ne ko kayan da aka sa mata na sata ne. Kyan walda da daidaiton shasi ba su ne gaban mai duban ba.

Ciwo Iri Iri Ne

Abin da ke kai mota ga wannan tambari ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ƙanƙara ta yi wa ruwan duwatsu, jikinta ya lotse ko'ina, amma inji da shasi lafiya lau. Akwai wadda aka sace, inshora ta biya mai ita, daga baya aka gano ta, don wasu jihohi su kan sa wa irin wannan tambarin. Waɗannan biyu su ne masu sauƙi, cikinsu ne a kan yi dace. Sai wadda ta yi karo, ita kuwa sai an san inda bugun ya tsaya. Ta ƙarshe, wadda ta fi duka mugunta, ita ce wadda ta nutse a ruwa.

Motocin ruwa ba kaɗan ba ne. Guguwar Sandi ta 2012 ta lalata motoci wajen 250,000 masu inshora, guguwar Habi da ta faɗa wa Teksas a 2017 kuwa ta lalata fiye da 422,000. Motar zamani cike ta ke da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, masu sarrafa birki da inji da jakunkunan iska. Ruwa, balle na teku mai gishiri, in ya shiga mahaɗar wayoyin nan ya kan ci su sannu a hankali. Ran da aka saye ta kome yana aiki, bayan 'yan watanni cuta ta fara bayyana, yau nan gobe can, bakanike ya rasa inda zai kama. Akwai kuma mazambata da kan kai irin wannan mota wata jiha mai sassaucin doka, su sake mata rajista don tambarin ya ɓace. Amurkawa na kiran wannan wankin takarda.

Abin Da Ya Bambanta Motar Gudu

Malaman lissafi da kimiyya sun san ƙa'idar nan: in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugu ya kan ninku sau huɗu, haka kuma tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya. Motar da ke kilomita 120 a sa'a tana ɗauke da ƙarfi huɗu na wadda ke 60. Aibin da motar cefane za ta ɓoye shekara da shekaru tana zirga-zirga cikin gari, motar gudu za ta tona shi rana ɗaya a kan kwana, ba kuwa wanda ke sayenta don ya yi tafiyar hawainiya.

Maƙeran mota su kan tsara gabanta da bayanta yadda za su lanƙwashe a lokacin karo, su shanye bugun kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. Wannan aiki sau ɗaya ƙarfe ke yinsa da kyau. In aka gasa shi da wuta aka miƙe, ido zai ga ya koma daidai, amma ƙarfinsa na fari ya tafi. Bugu da ƙari, da yawa cikin motocin gudu da alminiyam a ke yin sassansu don su yi sauƙin nauyi. Corvette, wadda aka fara ƙerawa a 1953 da jikin faiba, tun daga samfurin 2014 shasinta na alminiyam ne. Gyaran irin wannan yana bukatar na'urori da horo na musamman, ba aikin kowane mai walda ba ne.

Sai jakunkunan iska. Suna da tsada, don haka nan ne marar amana ke fara yanke. Wani ya rufe gurbinsu ba kome a ciki, wani ya sa na jabu. A 2024 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta yi gargaɗi cewa mutum 3 sun mutu, 2 sun ji munanan raunuka, cikin motocin da suka taɓa haɗari aka sa musu na'urar hura jakar iska marar inganci. Abin da aka sa don ya ceci direba shi ya tarwatse ya watsa masa ƙarafa.

Inda Abin Ya Shafe Mu

Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin Amurka masu sitiyari a hagu suka dace da hanyoyinmu. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufo. Cikin waɗanda a ke saukewa a tashoshin Legas da Kwatano akwai na gwanjon inshora da yawa, wasu ma da raunukansu su ke isowa, a nan a ke buge su a yi musu fenti. Sa'ad da aka yi wa mota sabuwar rajista a nan, tambarin Amurka ba ya biyo ta cikin sababbin takardu. Mai saye a Kano ko Kaduna ba abin da zai gani sai ƙyalli, in bai tona ba.

Yadda A Ke Tonawa

Tun daga 1981 kowace motar da a ke sayarwa a Amurka tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda a ke kira VIN, kanikawanmu kuwa su ce lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin madogarar ƙofa. A fara da gwada su a ga sun yi daidai da juna da ta takarda. Da wannan lamba a ke binciken tarihin mota a rajistar Gwamnatin Amurka mai suna NMVTIS, wadda wata doka ta 1992 ta kafa, wadda kuma tilas ne kamfanonin inshora su kai mata rahoton motocin da suka sallama. Akwai kuma Carfax, da a ke biya, da VINCheck, wanda kyauta ne. Sau da yawa in aka rubuta lambar a intanet hotunan gwanjon su kan fito, mutum ya ga motar yadda ta ke kafin fenti. Gani ya kori ji.

Bayan wannan sai a kai ta wurin bakanike wanda mai saye ya zaɓa da kansa, ya kuma biya shi da kansa. A ɗaga ta a dubi ƙarƙashi, a nemi sabuwar walda ko ƙarfen da ya yi tamoji. A dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da jiki, ta dama ta zama daidai da ta hagu. Maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike lotsawa aka shafe da fenti, sai dai wannan dabara ba ta aiki a jikin faiba ko alminiyam. A dubi tayoyi, in gefe guda ya fi cinyewa akwai magana. A murɗa makulli a ga fitilar jakar iska ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, watakila kashe ta aka yi da gangan. A ɗaga kafet, a leƙa ramin safaya da ƙarafan ƙarƙashin kujeru, a nemi tsatsa da busasshen taɓo da warin danshi. A ƙarshe a nemi rasiɗan kayan gyara. Dillalin da ya hana ko ɗaya cikin waɗannan, ya riga ya ba da amsa.

Lissafin Ƙarshe

A Amurka bankuna da yawa ba su ba da rance a kan irin wannan mota, kamfanonin inshora da dama ba su yarda su ɗauki nauyin motar kanta, sai dai ɓarnar da ta yi wa wani, garantin maƙera kuma galibi ya faɗi. A nan gida sai a ƙara da kuɗin jirgi da na kwastan, da kayan gyara waɗanda sai an aiko da su daga waje, da cikin motar da ke dab da ƙasa, ga ramuka ga tudun rage gudu. Ran sayarwa kuma rangwamen da mutum ya samu shi zai yi wa wani, in dai zai faɗi gaskiya, wajibi ne kuwa ya faɗa, don ran wani ne zai shiga cikinta.

Ba mu ce kowace mota mai wannan tambari guba ce ba. Wanda ya ga hotunanta na gwanjo, ya tabbata ƙanƙara ce ko sata ko bugun da bai kai shasi ba, ya san wanda ya gyara ta, yana da rarar kuɗi, ya kuma yi niyyar riƙe ta shekaru, yana iya cin riba. Amma akawu ko malamin makaranta da zai zuba tarin albashin shekaru, ko ya ci bashi, a kan motar da bai ga tarihinta ba, cinikin biri a sama ya yi. Shawararmu gare shi ita ce ya karɓi lambar nan mai 17 tun kafin ya tambayi kuɗi. In aka hana shi, ya riƙe kuɗinsa ya yi gaba.