Inda malami zai samo tarihin Hausawan Sudan a intanet

Yaro Bahaushe a Rusairis ko Mai Wurno zai iya gama makaranta da sanin daular Funj da zamanin Mahdi, amma ba a taɓa koya masa a aji yadda kakanninsa suka sauka a bakin kogin Shuɗin Nilu ba. Wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne. A rikicin da ya ɓarke a Rusairis da Damazin a watan Yulin 2022 kan filaye da sarauta, an yi ta jayayya a kan wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Ga shi kuma yaƙin da aka fara a Afrilun 2023 ya rufe makarantu da yawa, ya tarwatsa littattafai. Duk da haka, malamin da ke da wayar hannu yana da wuraren da zai nufa kyauta.

Na farko shi ne taskar tarihin Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, wadda aka kafa a 1957. Ta sa rahotannin Gwamna-Janar da na jami'an leƙen asiri da taswirori na zamanin mulkin mallaka a intanet. Mai bincike ya lura cewa Turawa sun fi kiran mutanenmu Fellata ko Takarir, don haka da waɗannan kalmomi zai nema, tare da rubutun Maiurno da Roseires.

Na biyu shi ne shafin Sudan Memory, mai Larabci da Turanci, wanda ya tattara hotuna da rubuce-rubuce da finafinai daga cibiyoyi da gidajen jama'a. Ga malamin da ke koyarwa da Larabci, nan ya fi sauƙin shiga.

Na uku, tushen labarin yana yamma. Shirin ceto tsofaffin takardu na Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ɗauki hotunan rubuce-rubucen Larabci daga Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Sai kuma babban tarihin Afirka na UNESCO, wanda kundayensa takwas na farko ke samuwa da Larabci da Faransanci da Turanci. Malamin Maraɗi ko Garwa zai amfana da shi kamar na Sinnar.

Yaya za a mai da wannan darasi? A ɗauki shekaru uku. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. A 1925 aka kammala madatsar ruwan Sinnar, noman audugar Jazira ya jawo dubban maniyyata daga yamma. A 1966 aka gama madatsar Rusairis. Malami ya sa ɗalibai su zana hanyar a taswira, sannan kowa ya tambayi dattijon gidansu a wane zamani aka zo, ta wace hanya.

Wannan tambaya ta gida ita ce gishirin darasin, domin rahoton Bature yana kallon mutanenmu ne a matsayin ƴan ƙwadago ko abin sa wa ido. Sai an gwama shi da abin da tsofaffi suka riƙe kafin hoto ya cika. Kuma tun da layin sadarwa da wuta ba su da tabbas, duk ranar da aka samu intanet a sauke takardun a waya, a tura wa sauran malamai, a naɗi muryar dattawa tun suna raye.