Kalmar 'Balas' a Hausar Unguwar Fezzan, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi kalmar Ingilishi 'balance' da yadda ta rikiɗe ta zama 'balas' a bakin masu magana da Hausa. An tsinto misalan ne daga hirar yau da kullum a Fezzan, tsohuwar unguwa a birnin Maiduguri wadda ta ci sunan yankin Fezzan na kudancin Libiya, inda fataken Sahara suka riƙa fitowa zuwa Borno. Barebari da Larabawan Shuwa da Hausawa galibi da Hausa suke ciniki a wannan wuri, saboda haka nan ne ake jin kalmar kuɗi a muhallinta.

2.0 Ma'anarta a Ingilishi

Tushen kalmar shi ne 'bilanx' na harshen Latin, wato abin awo mai faranti biyu, kuma ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarni na 13. Daga wannan abin awo ne sauran ma'anonin suka tsiro: tsayuwar abu ba tare da ya karkata ba, da natsuwar hankali, da rashin rinjaye tsakanin ɓangarori biyu. Su kuma 'yan kasuwa suka kira abin da ya rage kafin lissafin shiga da na fita su zo ɗaya da wannan suna. Wannan ma'ana ta kuɗi ce Hausa ta ara, ta bar sauran.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hausa tana da 'daidaito' da 'ma'auni', ta kuma daɗe da aro 'mizani' daga Larabci, har ta ba shi gurbi a wa'azi da kuma magana irin ta 'a ɗora a mizani'. Shi ya sa ba a jin Bahaushe ya ce yarinyar da ta ɗauki tulu ba riƙo ta yi balas.

3.0 Sura da Amfani

Tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma ba, don haka aka shafe ɗan hanci /n/ aka bar /s/. Haka aka yi wa 'adibas' da 'alawus'. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Na ba tela adibas, saura balas.
(2) Yau ko balas ban haɗa ba.
(3) Duba mini balas ɗina.

A (1) balas na nufin cikon kuɗin aiki, kuma 'adibas' ce abokiyar tafiyarta. Jimla ta (3) sabuwa ce, domin sai bayan zuwan wayar salula a 2001 ta bazu, kuma tana nufin abin da ya saura a waya ko a asusun banki.

Jimla ta (2) ta fi jan hankali. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011, keke mai ƙafa uku ya zama abin hawan jama'a, kuma da yawa daga cikin matuƙansa ba su ne masu shi ba. Balas a nan shi ne kuɗin da aka yanka wa direba ya kai wa mai keke kowace rana, ko an samu ciniki ko ba a samu ba. Sai ya haɗa shi, ya sayi mai, sannan ya san abin da zai kai gida. Babu wani tsohon lissafi da ake cikewa, balle a ce saura ne. Ƙamus na Ingilishi bai san wannan ma'ana ba, amma haka ake faɗinta a tashoshin Katsina, garinmu, da na Kano. A ganin mai wannan takarda, kuskure ne a tsaya ga cewa ma'anar kalmar ta taƙaita kawai, kamar yadda aka saba faɗi game da kalmomin aro. Ta taƙaita a wajen shigowa, sannan ta yi sabon reshe a cikin Hausa, har ta koma sunan wani nauyi da ke wuyan mutum ɗaya.

Akwai kuma 'balans', da /n/ ɗinta, wadda 'yan boko da ma'aikatan banki suka fi furtawa. Ba kasafai ake jin ta a jimla irin ta (2) ba. Direba 'balas' yake cewa, ko da kuwa ya yi makaranta.