Shin Ko Kun San? Gubar Ma'adinai Takan Biyo Mutum Gida

Shin ko kun san agwagi ne suka fara mutuwa kafin yara? A farkon 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara sun ga agwaginsu na ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ba a jima ba yara suka fara amai da jijjiga. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, gwaji ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu, a Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega da maƙwabtansu.

Ko kun san ba a bakin rami gubar ta kashe su ba? Dutsen zinarin yankin cakuɗe yake da dalma. Maza su haƙo, a kawo gida, a daka a turmi ko a zuba a injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda ake shanya gero. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Shi ke nan. A wasu wuraren an auna dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasar, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin 400 ce a filin wasan yara. Jikin yaro kuma yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ga ta da zama cikin ƙashi, har ta kai ga ɗan tayi idan mace ta sami ciki.

Ko kun san dalma ba ta ruɓewa? Damina goma ba ta wanke ta. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne a ramuka, aka zubo sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aikin ba sai 2013, saboda jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Abin haushi, a 2015 aka maimaita a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Zaibar da ake kama zinari da ita ma guba ce: hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa, ragowarta na shiga kifi.

To, me ya shafi Karaye da Rogo na Jihar Kano? Dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 a Karaye yake, kuma duk abin da ruwan sama ya kwaso daga gangarensa, can zai kwanta, inda masunta da manoman rani ke cin abinci, ruwan kuma ya gangara Kano. Saboda haka, duk wanda ɗansa ko ƙanensa ke zuwa haƙar zinari, ya hana shi shigo da dutse gida, ya sa shi ya yi wanka ya canza tufa kafin ya ɗauki yaro. Masu unguwanni kuma kada su bar injin niƙan hatsi ya taɓa dutse.